Daga Inna zuwa ɗakin gwaji: yadda Zariya ta san abin da ta sani game da cuta

Unguwar Dogarawa, a ƙaramar hukumar Sabon Gari ta jihar Kaduna, ba ta da nisa da Kwangila, inda hanyar Kano ta haɗu da wadda ta nufi Samaru. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a mota zuwa ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a shekarar 1962, in kuma aka ƙara gaba kaɗan sai a iske asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika.

Wuraren da suka kai wannan yanki yawan likitoci da masu harhaɗa magunguna da furofesoshi a arewacin Nijeriya ba su da yawa. Amma duk da haka, in yaro ya kwana da zazzaɓi, bayan kwana biyu ko uku aka ga ƙafarsa ta saki, sunan da kowa zai kira cutar da shi, daga mai tallan gyaɗa har malamin jami'a, shi ne shan inna.

Sunan dai ba na banza ba ne. A cikinsa akwai cikakken bayani kan abin da ya faru da yaron, da wanda ya aikata, da kuma inda za a je neman magani. Tarihin wannan cuta a Zariya da kewaye, da na wata al'ada da ta shafi masu jego, sun nuna cewa abin da ake kira camfi ba a ƙauye kaɗai yake zaune ba, kuma ba marasa ilmin boko ne kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Wace ce Inna?

A tsarin bori, Inna babbar iska ce, mace, wadda wasu ke kira Doguwa, wasu kuma Bafillatana. An yi imani cewa in aka saɓa mata, ko aka hana ta abin da ta saba karɓa, sai ta sha jinin hannu ko ƙafar yaro, gaɓar ta bushe ta ƙanƙance. Maganin a wurin masu wannan fahimta shi ne a lallashe ta: a kai nono, a yi yanka, a yi turare, a nemi mai bori ya shiga tsakani.

Mutum na iya dariya, amma in aka dubi yadda cutar take, za a ga dalilin da ya sa bayanin ya zauna daram a zukatan mutane.

Ƙwayar cutar foliyo tana yaɗuwa ne ta bayan gida, ta shiga ruwa ko abinci, ta shiga cikin yaro. Sai dai a cikin yara kimanin 200 da suka kamu da ita, ɗaya ne kawai take shanye wa gaɓa. Sauran ko dai ba za a ga komai a jikinsu ba, ko kuma su yi ɗan zazzaɓi su warke, alhali suna ci gaba da baza ƙwayar.

Ma'ana, uwar da ke zaune a gida mai yara goma za ta ga ɗanta shi kaɗai ya nakasa, sauran tara suna wasansu lafiya lau, ga shi kuma tukunya ɗaya suke ci, randa ɗaya suke sha. In aka ce mata cutar mai yaɗuwa ce, idonta bai ga haka ba. Abin da idonta ya gani shi ne an zaɓi ɗanta. Wanda kuwa aka zaɓa, akwai mai zaɓensa.

Ba haka lamarin yake ga ƙyanda ba, wadda ake kira baƙon dauro. Ita in ta shiga gida sai ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallo. Haka ma sanƙarau in zafi ya yi zafi. Ma'aikatan lafiya sun daɗe da lura cewa iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu a bayan ƙyaure in masu ɗigon foliyo sun zo, su ne ke bin dogon layi cikin rana in an ce ana allurar sanƙarau ko ta ƙyanda. Ba rigakafin suke ƙi gaba ɗayansa ba, suna auna shi ne da abin da suka gani da idonsu.

Wata mai binciken al'adu daga Jami'ar Michigan ta Amurka, Elisha Renne, ta shafe shekaru tana zuwa Zariya tana tattaunawa da iyaye da ma'aikatan lafiya da waɗanda cutar ta nakasa, ta kuma wallafa littafi a kan siyasar foliyo a arewacin Nijeriya a shekarar 2010. Daga cikin abubuwan da aikin nata ya fito da su akwai tambayar da iyaye suka yi ta maimaitawa: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan magani kyauta, amma in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro muka je asibiti sai a miƙo mana takarda mu je mu saya?

Shekarar 2003

Abin lura shi ne, imani da Inna bai taɓa tsayar da shirin rigakafi a jiha guda ba. Wanda ya yarda iska ce ke shan ƙafa yana iya ganin ɗigon ba shi da amfani, amma ba ya ganin sa a matsayin guba. Abin da ya tsayar da shirin wani sabon labari ne, kuma ba daga bakin 'yan bori ya fito ba.

A tsakiyar shekarar 2003, Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Nijeriya, a ƙarƙashin jagorancin marigayi Dokta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadaran hana haihuwa, har ma da ƙwayoyin cutar ƙanjamau, da nufin rage yawan Musulmi. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Sauran sun janye daga baya, amma Kano, a ƙarƙashin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta tsaya a kan bakanta har kusan shekara guda.

A nan ne Samaru ta shigo cikin labarin. Ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam ta nemi a gwada maganin, kuma wanda ya yi fice a wannan aiki shi ne Dokta Haruna Kaita na tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kai samfurin maganin Indiya, ya dawo ya bayyana cewa ya samu gurɓatattun abubuwa a ciki, har da sinadarin da ke da alaƙa da haihuwa a jikin mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin tarayya sun musanta. Masana da dama sun yi bayanin cewa ko da na'ura ta nuna ɓurɓushin irin wannan sinadari, adadin da ake magana a kai bai kai ya yi wa jikin yarinya komai ba, kuma ɗaruruwan miliyoyin yara sun sha wannan magani a ƙasashen Musulmi da waɗanda ba na Musulmi ba, haihuwa ba ta tsaya ba. Tawagar da gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta tura Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya a farkon shekarar 2004 ta dawo da rahoton cewa maganin ba shi da illa.

To amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ga mutumin da ke sauraren rediyo a Dogarawa ko Muciya ko Hanwa, magana ta zama tsakanin masani da masani: ɗaya ɗan gida ne, Musulmi, malamin jami'ar da ke bayan gidansa, ɗaya kuma baƙo ne daga Geneva ko jami'i daga Abuja. Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da hanyar tantance adadin sinadari. Abin da yake da shi shi ne sanin wanda ya fi yarda da shi.

Wannan, a ganina, shi ne abin da masu tsara shirin suka daɗe ba su gane ba. Sun ɗauka jahilci suke yaƙa, sai suka ƙara yawan takardun faɗakarwa. Alhali mutanen da suka fi tasiri wajen ƙin maganin sun fi yawancin ma'aikatan da ke bi gida-gida karatu.

Ba a banza ba

Labarin hana haihuwa ya samu gindin zama ne saboda ya tarar da ƙasa a jiƙe.

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau mafi muni da yankin ya gani, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 ne aka sanya a gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, biyar a ɓangaren da aka bai wa sabon maganin, shida a ɓangaren da aka bai wa wani maganin na daban. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya bi ƙa'ida, kuma cutar ce ta kashe yaran. Jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen shekarar 2000, sannan a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba.

Kafin nan, a shekarar 1988, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da manufar yawan jama'a wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, abin da malamai da dama a arewa suka yi tir da shi. Akwai kuma wata takardar sirri ta gwamnatin Amurka ta shekarar 1974, wadda ake dangantawa da Henry Kissinger, da ta lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 13 da ƙaruwar jama'arsu ke damun Amurka. Bayan an fitar da ita fili, masu adawa da rigakafin sun riƙa kafa hujja da ita. Takardar ba ta ambaci sanya wani abu a maganin foliyo ba, amma a majalisar hira ba a cika karanta takarda har ƙarshe ba.

Sai kuma yanayin lokacin. Amurka ta shiga Afghanistan a 2001, ta mamaye Iraƙi a watan Maris na 2003 bisa hujjar makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba. A cikin gida kuma, takaddamar shari'a ta raba arewa da gwamnatin tarayya, Kaduna ma ta ga jini a 2000 da 2002. Wanda ya ga ƙasa mafi ƙarfi a duniya ta faɗi abin da ba haka ba a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ba zai yi wuya a shawo kansa cewa za ta iya yin wani abin a ɓoye ba.

Bayan shekaru ma an sake bai wa masu zargi makami. A 2011 ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da shirin rigakafi na bogi a garin Abbottabad na Pakistan wajen neman Usama bin Laden. Ba rigakafin foliyo ba ne, na ciwon hanta ne, amma wannan bambanci bai ceci ma'aikatan foliyo ba.

Abin da aka biya

Kano ta koma rigakafi a ƙarshen watan Yulin 2004, bayan an amince za a kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. Maganin bai bambanta da wanda aka ƙi ba ta fuskar abin da ke cikinsa, kamfanin na Indunusiya ma da ma yana cikin masu sayar wa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya sauya shi ne hannun da ya miƙo shi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa yaran da cutar ta nakasa a Nijeriya sun tashi daga 355 a 2003 zuwa 782 a 2004, suka kai 1,122 a 2006. Ƙwayar da ta samo asali daga arewacin Nijeriya ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 20 da a da suka rabu da cutar. Ta bi ta Chadi da Sudan ta tsallaka Bahar Maliya, a 2005 ta nakasa yara fiye da 400 a Yaman, da wasu kimanin 300 a Indunusiya, wato ƙasar da aka je nemo maganin da za a yarda da shi. Daga baya Saudiyya ta wajabta wa maniyyata daga Nijeriya shan ɗigon, har dattawa masu furfura.

Ɗage takunkumin gwamnati bai ɗage na zuci ba. Shekaru da dama bayan 2004, a unguwannin Zariya da Kano da Katsina, magidanta sun ci gaba da barin umarni kafin su fita kasuwa cewa kada a buɗe wa masu ɗigo ƙofa. Yawan zuwan ma ya ƙara zargi. Maganin da ake ɗigawa a baki ba ya kama jiki sosai a wuraren da gudawa ta yi wa yara yawa, don haka sai an maimaita shi sau da dama. Ba a cika yi wa iyaye wannan bayani ba. Su kuwa suna tambaya, wane irin magani ne ba ya ƙarewa?

Akwai kuma wani abu da hukumomi suka yi nauyin baki a kai. Maganin na ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma a inda yaran da aka yi wa rigakafi ba su da yawa, tana iya yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi ta nakasa wani. Hakan ya fara faruwa a arewacin Nijeriya tun 2005, amma sai a 2007 maganar ta fito fili sosai. Dalilin ɓarkewar shi ne ƙarancin rigakafi, ba yawansa ba, to amma wanda aka ɓoye wa magana shekara biyu ba ya sauraren irin wannan bayani da kunnen basira.

Al'amura sun fara sauyawa ne lokacin da aka daina jayayya da mutane aka fara duba abin da suke nema. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da wasu alluran, da maganin tsutsar ciki, da sabulu, wani lokaci da gidan sauro. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwanni a gaba. Waɗanda cutar ta nakasa su ma suka shiga zagaye a kan kekunansu, suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. A 2010 yara 21 kawai aka samu.

Duk da haka, a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, galibinsu mata. An ga ƙwayar foliyo ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, sannan a ranar 25 ga watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Nau'in da ke rikiɗa daga maganin kuwa bai ƙare a lokacin ba, ya ci gaba da ɓulla a jihohin arewa maso yamma a shekarun da suka biyo baya.

Ruwan zafi da kunun kanwa

Zariya tana da wani labarin da ya fi wannan tsufa, wanda kuma ya juya ta wata fuskar da ba a zata ba.

Kowace Bahaushiya ta san wankan jego. Kwana arba'in bayan haihuwa, safe da yamma, ana tafasa ruwa a garwa ko babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. A da har gadon ƙasa ake yi mata a hura wuta a ƙarƙashi. Ga kunun kanwa, ga yaji, ga farfesun ƙafar sa in da hali. Tushen al'adar shi ne imani cewa haihuwa na barin jikin mace ɗanye, in sanyi ya shige ta sai ta kumbura, ko ta lalace har abada. Uwar da ta bar 'yarta ba wanka, dangin miji ma sai sun yi da ita.

A ƙarshen shekarun 1960 da cikin na 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, lokacin yana Tudun Wada, suka lura da yawan matan da ake kawowa 'yan makonni bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciyarsu ta gaza. Biyu daga cikinsu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi diddigin mata fiye da 200, suka wallafa sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa a yankin Zariya mace ɗaya cikin kowace 100 da ta haihu na gamuwa da wannan matsala, adadin da ba a san irinsa ba a ko'ina a duniya a lokacin.

Bayanin da suka bayar mai shiga hankali ne. Kanwa cike take da gishiri, gishiri kuma na tara ruwa a jiki. Zafin wanka da na gado na buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki. Wato abin da ake yi don kada mace ta kumbura, shi ne ke kumbura ta. In kuma ta fara kumburin, sai tsofaffi su ce wanka ne bai isa ba, a ƙara wuta.

Wannan bayani ya shiga littattafan koyar da likitanci a duniya, ɗalibai a Samaru da Landan suka haddace shi. Kusan shekara arba'in, in aka tambayi likita me ke kawo ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, amsar a shirye take.

Sai ga wani bincike da likitocin Nijeriya suka gudanar a asibitoci da dama na ƙasar, bisa jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka wallafa a 2020. Ya tabbatar da cewa cutar na nan da yawa a arewa maso yamma, kusan yadda aka gani a Zariya tun farko. Amma da aka kwatanta matan da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, ba a samu cewa al'adun jego ne suka raba su ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu juna biyu. Wasu ayyukan na Farfesa Karaye kuma sun nuna alaƙar cutar da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki.

Wannan ba ya nufin ruwan da ke tafasa ya zama lafiya. Ana kai masu jego asibiti da ƙuna, kuma babu likitan da zai ce wa mai hawan jini ta sha kanwa. Likitocin farko ma ba ƙarya suka yi ba, sun faɗi abin da ya fi dacewa da abin da suka gani da kayan aikin zamaninsu, ga shi kuma gadon wuta ya ja baya ƙwarai tun daga lokacin. Sai dai bayanin nasu ya daɗe ba a sake gwada shi ba, kuma ina zargin wani ɓangare na dalilin shi ne ya yi wa kowa daɗi. Ya fi sauƙi a ce al'ada ce ke kashe mata, a kan a ce yunwa ce da rashin awon ciki. Na farko laifin kaka ne, na biyu kuwa sai an taɓa kasafin kuɗi.

Daren gishiri

Waɗanda ke ganin yaɗuwar boko da waya za su kawar da irin wannan, sai su tuna da watan Agustan 2014. Cutar Ebola ta shigo Legas, a duk faɗin ƙasar mutum 20 ta kama, takwas suka mutu, ba ta kuma iso arewa ba. Amma a dare guda saƙo ya zagaye wayoyin jama'a cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. 'Yan'uwa suka riƙa tashin juna daga barci, daga Fatakwal har Sakkwato. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama a asibiti. A wannan dare, masu digiri da yawa sun jiƙa jikinsu, ko da yake ba kowa ke son a tuna masa ba.

Saƙon bai zo daga baƙo ba. Daga yaya ya zo, ko kawu, ko abokin aiki, mutanen da ba su da dalilin cutar da kai. Haka labarin Inna ya zo wa kakanninmu, haka na hana haihuwa ya zo a 2003.

Malaman addini sun daɗe suna yaƙi da bori da camfe-camfe, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma a birane irin Zariya sun yi nasara ƙwarai: ba kasafai za ka samu matashi a Samaru da zai ce maka ya yarda wata iska ce ke shan ƙafar yaro ba, ko da yake sunan ya zauna a baki. To amma gurbin da Inna ta bari bai zauna fanko ba. Tambayar da ta amsa, wato wa ya yi mana wannan, tana nan, sai dai yanzu ana amsa ta da sunan ƙasashe da kamfanoni da attajirai. Wani lokaci amsar ƙarya ce tsagwaronta. Wani lokaci kuma, kamar yadda iyayen yaran Asibitin Zana za su shaida, akwai abin da ya faru.

A watan Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cutar da ke kashe dubban mata a ƙasar kowace shekara. Allura ce kyauta, daga waje, ga 'yan mata zalla, waɗanda ba su kai ga aure ba. Tun kafin ma'aikata su fara shiga makarantu, saƙonnin murya sun riga su isa wayoyin iyaye a WhatsApp, kuma abin da suke cewa shi ne abin da aka ce shekara ashirin da suka wuce. A wannan karon dai babu gwamnan da ya dakatar da shirin, kuma an nemi sarakuna da malamai tun kafin a fara, ba bayan an rufe ƙofofi ba.